Gonar Bature a Saman Bene

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Ƙurban ta Madina ko na wata guda ne ya san Bature mai siriya, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Siriya dai tsiren nan ne namu, haka mutanen Hijaz suke kiransa. Shekara talatin Bature yana gasa shi a shagonsa na titin Sultana, kuma hannunsa akwai albarka, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Bakinsa ne matsalar. Babu abin da Bature bai iya ba a duniyar nan. In motarka ta lalace shi ya san ciwonta, in ana hirar jirgin sama saura ƙiris ya taɓa tuƙawa, in haƙorinka na ciwo yana da magani wanda likitoci suke ɓoyewa.

Wata rana wani likita Balarabe ya duba jininsa ya ce, "Ya ammi, kitse ya ɗan yi yawa. Ka rage nama kaɗan, ka riƙa takawa da ƙafa."

Kaɗan fa aka ce. Amma Bature bai san kaɗan ba. Ya dawo gida ya kwana uku yana kallon bidiyo a waya, rana ta huɗu ya miƙa wa ƙanensa Sabiru makullin shago, ya shigo kicin ya tsaya kan matarsa Zulaiha.

"Daga yau ni da nama sai kallo. Guba ne."

"To madalla, Abu Sundus. Sai in yi maka miyar kuɓewa."

"Kuɓewar ina? Ta kanti? Kin san abin da ake fesa mata? Dubi tumatirin nan, wata guda yana firji bai ko yamutse ba. Wannan tumatir ne ko roba? Takin zamani ya kashe ƙasa, feshi ya kashe ƙudan zuma, yanzu mu ne muka rage."

"Nama guba, ganye guba. Iska za mu ci?"

"Nomawa zan yi."

"A ina?"

Ya ɗaga yatsa sama. Zulaiha ta bi yatsan da kallo har silin, ta gane saman bene yake nufi, ta yi salati ta ci gaba da yankan albasarta.

Da abin ya tsaya a kicin da da sauƙi. Amma bayan La'asar sai ga Bature a dakalin ƙofar masallaci, inda dattawan unguwa suke shan shayi da na'ana, yana yi musu wa'azin ganye. A cikinsu akwai surukinsa Osman, Bahaushen Sudan mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda ɗansa Suhaib yake auren Sundus, 'yar Bature tilo. Sundus na da cikin fari, asibiti kuma sun ce namiji ne. Tun ranar da aka ji haka kakannin nan biyu suke harare-harare, kowa na son a yi masa takwara. Bature, wanda sunansa na yanka Sa'idu, ya fi ƙwallafa rai. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Osman ya kurɓi shayi ya ce da irin kiran mutanen Sudan, "Ya zol, shekara talatin kana ɗura wa mutanen Madina nama, yau ka gano guba ne? To sai ka bi su gida-gida ka nemi yafiya."

"Jahilci ne a da, yanzu na waye. Ka san ruwan da saniya ɗaya take sha kafin ta zama tsire? Ya ishi unguwar nan wanka."

"Kakana a Mai Wurno ta Sudan nono da nama ya ci har ya haura ɗari, da haƙoransa aka binne shi. Kai ka taɓa riƙe fartanya?"

"Ni? Jinin noma ne a jikina! Kakana a Gumel dami dubu yake ɗaurewa kafin ya taho Hajji da ƙafa. Ku shaida, ranar sunan jikan nan, duk wanda ya zo abin da hannuna ya shuka zai ci, har ya ƙoshi ya bari."

"Ragunan suna fa?"

"A yanka, sunna ce, ban isa in hana ba. A raba wa mabuƙata. Amma a tirena ko ƙashi ba za a gani ba."

Osman ya ajiye kofi ya miƙa hannu. "Na yarda. In mutane suka ƙoshi da shukarka, yaro Sa'idu ne. In ka gaza, Usmanu."

Suka tafa. Liman ya ce shi shayi ya zo sha, amma tun da kunnensa ya ji, ya zama shaida.

Benen da su Bature suke haya na Hajiya Ƙaltume ne, wata tsohuwa 'yar Cadi da take zaune a hawa na ƙarshe, rufin ɗakinta shi ne saman benen. Bature ya roƙe ta izinin ajiye tukunya biyu zuwa uku na na'ana, ta ce Allah ya sa albarka. Washegari sai ga babbar mota shaƙe da ƙasa a ƙofar gida.

A wata gona can bayan Ƙuba ya sayo ƙasar. Mai gonar, wani dattijon Balarabe, da ya ji abin da za a yi da ita sai ya riƙe haɓa.

"Ya shaikh, yanzu fa watan Yuni ne. Mu nan sai sanyi ya shigo muke shuka."

"Kakana da farkon damina yake shuka, watan shida zuwa na bakwai."

"Wace damina? A Madina?"

"Ilimin gado ne wannan, ba za ka gane ba."

Buhu sittin aka hau da su ta matakala. Bature ya baje ƙasa, ya ja kunya-kunya da ludayin miyar Zulaiha, ya shuka gero, kuɓewa, rama, yakuwa da kabewa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa, gumi na zuba, zuciya fari ƙal.

Da gari ya waye ya hau ya tarar da baƙi. Tantabaru ne, sun fi ɗari, suna tonon irinsa hankali kwance. Su tantabarun Madina ba su san tsoron mutum ba, don sun san babu mai taɓa su. Bature ya wawuri tsintsiya ya ɗaga sama, daidai lokacin Hajiya Ƙaltume ta hawo shanya.

"Kai! Bature! A cikin Haramin Annabi za ka daki tsuntsu?"

"Hajiya, ba dukansu zan yi ba, nuna musu hanya zan yi."

"Sauke tsintsiyar nan. Sun riga kakanka zuwa garin nan."

Ya sauke. Amma mutum irin Bature ba ya rasa dabara. Ya je ya sayo buhun alkamar nan da alhazai suke watsa musu, ya zuba a can lungu, wai in sun ƙoshi za su bar masa irinsa. Suka ƙoshi kuwa, washegari suka gayyato danginsu tun daga Baƙi'a har Uhudu. Saman bene ya koma toka-toka, shanyar Hajiya ta sha ado. A ƙarshe labulayen falon Zulaiha ya kwance, sababbi fil da ta ɗinka don barka, ya sake shuka ya lulluɓe kunyoyin da su.

Aka gama da tsuntsu, rana ta ce saura ni. Wanda bai san Yulin Madina ba sai a ce masa ƙofar mota ma ba ta taɓuwa da azahar. Duk tsiron da ya leƙo da safe, kafin La'asar ya kwanta ya soye. Bature ya ce ƙishirwa ce kawai. Ya fara ban ruwa sau biyar, bayan kowace salla, sannan ya mai da shi goma. Ya jona tiyo a tankin gidan gaba ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi aka ji ihu a hawa na biyu. Malam Lurwanu direban bas ne ya fito bakin matakala ɗaure da tawul, kansa fari fat da kumfa, ido ɗaya a rufe.

"Wane ne ya shanye ruwan gidan nan? Bature! Da sabulu zan je masallaci?"

"Haƙuri, Malam Lurwanu. Kabewa ce take fure."

"Kabewar ta zo ta ɗauraye ni!"

Bai rufe baki ba sai ga Hajiya Ƙaltume da bokiti a hannu. Ƙasa ta toshe magudanar saman, ruwan duk ya taru ya sami hanya ta silinta, yana ɗiga ja-ja a tsakiyar gadonta.

"Shekara arba'in ina Madina," in ji ta, "ban taɓa ganin damina a cikin ɗaki ba sai a zamaninka. Na'ana tukunya uku ke nan?"

Sai da Zulaiha ta hau ta ba da haƙuri, ta wanke zannuwan gado, ta ce saboda jikan da ke tafe a yi masa uzuri, kafin tsohuwa ta janye maganar kiran baladiyya, wato hukumar gari.

Duk wannan hidima a cikin yunwa Bature yake yin ta. Tun da gona ba ta ba da komai ba, burodi da wake da dabino yake ci safe da yamma. Wando ya fara zamewa, in ya ɗago daga ruku'u sai ya dafa na kusa da shi. In hanya ta bi da shi ta gaban shagonsa yakan toshe hanci ya ce, "Warin guba," amma mutane sun lura a daidai nan tafiyarsa take raguwa.

Zulaiha ta ajiye masa kwanon wake ta ce, "Abu Sundus, shi wannan waken na gwangwani a saman benen wa aka noma shi?"

"Na wucin gadi ne."

Sundus ta zo da tsohon cikinta ta gan shi ya zabge. Ita Hausa tana ji sarai, amma da Larabci take mayarwa. "Haram alaik, ya Baba!" Ya ce ta kwantar da hankalinta, ramar lafiya ce.

Allah da ikonsa, zuwa ƙarshen Agusta wasu abubuwa suka rayu a inuwar tanki: kuɓewa bakwai, rama 'yar kaɗan, yakuwa, da yaɗon kabewa ɗaya mai 'ya'ya biyu kamar ƙwan kaza. A dakalin masallaci kuwa kabewar nan sai mutum biyu sun kama. Sai kuma wasu ƙananan fararen ƙwari suka sauka a bayan ganye. Ya barbaɗa toka, ba su tafi ba. Ya fesa ruwan tafarnuwa, suka ƙaru. Ya daka barkono ya watsa, iska ta maido masa a fuska, ya yi atishawa har Malam Lurwanu ya leƙo ya ce a kira motar asibiti. Da ya rasa yadda zai yi, ya bari sai azahar da kowa ya kwanta, ya lallaɓa ya ɗauko maganin kyankyaso a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Yana cikin feshi ya ji gyaran murya a bayansa.

"Ba wannan ce gubar da ta kashe ƙudan zuma ba?" in ji Zulaiha.

"Waccan ta kamfani ce. Wannan ta gida ce."

Ƙwari suka mutu, rabin ganyen ya bi su.

A tsakiyar Satumba Sundus ta sauka lafiya, namiji, jajir da shi. Osman ya sayo raguna biyu manya-manya, yana neman inda zai ajiye su kafin ranar yanka, don gidansa babu fili. Bature ya ce ai faɗuwa ta zo masa daidai da zama, dama taki yake nema, na gargajiya, mai ɗumi. Aka turo raguna ta matakala, suna tirjiya ana tura su. Osman ya ce bari ya ɗaure su da kansa.

"Bar shi," in ji Bature. "Akwai wani ƙulli da kakana yake ɗaure raƙuma da shi. Ko giwa ba ta kwance shi."

Ya yi ƙullinsa, suka sauka sallar Magariba. Da ya dawo ya tarar da igiya a ɗaure gam a jikin bututu, ƙullin bai ko motsa ba, sai dai babu rago a cikinta. Ɗaya yana tsaye inda kuɓewa take a da, ɗayan yana taunar gefen labulen Zulaiha. Rama, yakuwa, kabewa da 'ya'yanta biyu, babu ko ɗaya. Takin kam sun ba shi, har da ƙari.

Bature ya zauna dirshan a ƙasa. Wata uku na wahala, saura kwana biyu suna. Zulaiha ta hawo ta ga abin da ya faru, wannan karon ba ta yi masa tsiya ba, don ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Abu Sundus, ka je ka sami Osman ka ce ka janye. Usmanu ma suna ne mai kyau."

"In janye? A gaban dakali?"

"To me za ka ba mutane? Igiya?"

Can sai fuskarsa ta washe. Zulaiha ta san wannan washewar, ba ta taɓa zuwa da alheri ba.

Ranar suna ana sallame Asuba ya nufi halaga, babbar kasuwar kayan gwari, ya ciko mota. Zulaiha ta ce tun da ya sayo, ya kawo kicin a dafa a rufa asiri. Ya ce ina, ai sai mutane sun ga girbi da idonsu, in ba haka ba Osman zai yi musu. Ya hau sama da kwali-kwali, ya shiga aiki cikin sauri, yana tona yana cusawa, yana ɗaurawa, yana yayyafa ruwa.

Da hantsi maza suka taru, sun kai tamanin. Bature ya sha farar jallabiya, ya ja su zuwa saman bene kamar mai buɗe masana'anta. Aka yi ta "Masha Allah." Ga kabeji jere, ga ganyen karas kore shar, ga tumatir jajir na lilo, ga kankana kwance.

Osman ya zagaya, hannu a baya. "Ya zol, shekaranjiya da na kawo raguna ban ga karas ba."

"A ƙarƙashin ƙasa yake, yaya za ka gan shi?"

"Ganyen fa?"

"Da taki ya samu ya yunƙuro. Tumɓuke ɗaya ka gani."

Osman ya sunkuya ya ja. Karas biyar suka fito tare, wankakku tas, ɗaure da jar roba.

Bature ya yi tari. "Iri ne na musamman. A haɗe yake fitowa."

"Da robarsa?"

Malam Lurwanu ya tsinki tumatir, sai ga farin zare ya biyo shi. Ya duba karan da kyau. "Bature, wannan ai kututturen kuɓewa ne."

"Aure na haɗa su. Ku direbobi me kuka sani?"

Liman, bawan Allah, ya so ya kawar da maganar, ya ɗaga kankana yana yabon girmanta. Da ya juya ta sai ga takardar kanti manne a gindinta. Ya karanta a zuci, ya mayar da ita a hankali ya juya takardar ƙasa, amma kafaɗunsa suna rawa. Hajiya Ƙaltume ce ta ƙarasa aikin. Ta hawo ganin gonar da ta jiƙa mata gado, ta ga wani abu ja ya leƙo daga ƙasa, ta sa sandarta ta zaƙulo. Buhun raga ne cike da dankali, bakinsa a ɗinke.

"Masha Allah," ta ce. "Gonar Bature har buhu take haifa."

Dariyar da aka yi har tantabaru sai da suka tashi. Wani ya riƙe ciki, wani ya dafa tanki, Malam Lurwanu ya zauna a kan kabeji yana share hawaye. Bature ya ja bokiti ya kife a lungu ya zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage.

To amma dariya ba ta cika ciki. Mutum tamanin, azahar ta kawo kai. An riga an dawo da naman raguna daga mahauta, liman ya ce babu laifi a ci wani a raba wani. Osman ya naɗe hannun riga, aka hura gawayi nan saman bene, ya kama yanka. Gunduwa-gunduwa yake yi yana jefawa a wuta, waje ya ƙone ciki ɗanye, hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Bature ya kau da kai. Ya sake waiwayowa. Ya ciji leɓe. Da Osman ya ɗauki cinya guda zai sara ta a karkace, sai aka ji bokiti ya faɗi.

"Kai! Faskare kake yi ko yanka? Wa ya koya maka? Ba ni wuƙar nan!"

"Ai guba ne, ya zol."

"Ko guba ne ba a wulaƙanta shi haka! Sabiru, maza shago, ƙuli da yaji da tsinke!"

Nan fa aka ga Bature na gaskiya. Wuƙa na tafiya, nama na fita fale-fale, ya tsire, ya barbaɗe, ya shafa mai, ya ja garwashi gefe. Ƙamshi ya sauka har titi. Ya ɗauki tsinke ɗaya ya ce gishiri yake dubawa. Malam Lurwanu ya ƙirga, sau tara aka duba gishirin nan. Aka yanka tumatirin kanti da kabejin kanti aka haɗa, kowa ya ci har ya jingina.

Da ƙarfi ya dawo jikin Bature sai baki ma ya dawo. Ya miƙe da tsinke a hannu.

"Jama'a, kun ƙoshi?"

"Mun ƙoshi!"

"Me kuka ci? Raguna. Me raguna suka ci? Shukata. Malam liman, yaro Sa'idu!"

Osman ya yi tsalle. "Magariba ɗaya suka ci naka! Shekara guda suna cin ciyawar mutane!"

Liman ya goge hannu ya ce shi abin da ya shaida shuka ce, ba abin da ya bi ta cikin rago ba. Aka yi addu'a, aka sanar: Usmanu. Bature ya shafa fatiha tare da kowa, ya yi wa Osman barka, muryarsa can ƙasa. Ranar dai ya ji ciwo, kowa ya gani.

Sai dai akwai abin da kakannin nan biyu suka manta. Suhaib ba zai iya kiran sunan mahaifinsa gatsau ba, Sundus kuwa ko da wasa ba za ta ambaci sunan surukinta ba. Dole a nemo wa yaro laƙabi. A ɗakin mata ana ta kawo Abba da Amir da Walid, sai Hajiya Ƙaltume ta shigo riƙe da ɗaurin karas ɗin nan mai jar roba, ta leƙa fuskar jariri.

"Ku dube shi, ja, dogo, siriri. Wannan ai Karas ne."

Mata suka kwashe da shewa, sunan ya zauna daram.

Yanzu yaron shekararsa huɗu, kuma in ba a takardar asibiti ba babu inda Usmanu yake. Ran nan bayan La'asar ya biyo babansa ta gaban dakali. Osman ya buɗe hannu yana kira, "Usmanu! Takwara! Usmanu!" Yaro ko waiwaye. Bature, wanda ya koma shagonsa tuntuni yana cin nama daidai yadda likita ya ce, ko kusa da haka, ya ajiye kofi ya ce, "Karas!" Da gudu yaron ya zo ya faɗa jikinsa.

Bature ya ɗaga shi sama ya juya ga dattawa. "Na ce muku ni manomi ne kuka yi dariya. To ga amfanin gonata nan, da ƙafarsa yake tafiya."